Kada Ka Yi Gaggawar Rabuwa da Tsohuwar Sandarka

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ga inda ka dosa. So kake ka ajiye wud ɗin nan mai lamba 3 da ka saya a gwanjo sa'ad da ka fara golf, ka ɗauko sabuwa dal, don abokan wasanka sun ce ta kwana biyu, shekarunta sun haura 10, zamani ya bar ta a baya. Ba zan hana ka kashe kuɗinka ba, guminka ne. Amma tunda ka nemi jin ta bakin kawunka, bari in faɗa maka abin da na sani a kan irin wannan sanda, daga nan sai ka yi abin da ka ga ya fi.

Cikin sanduna 14 da doka ta yarje wa ɗan wasa ya zuba a jakarsa, da wuya ka sami wadda aka ɗora wa aiki mai nauyi kamar wannan. Direba, babbar sandar da ake buɗe dogon rami da ita, a kan ɗan tsinke ake ɗora mata ƙwallo, ga kai ƙato wanda doka ta bari ya kai cc 460. Ita kuwa wud daga ƙasa take ɗauka. Ƙwallo na kwance cikin ciyawa, tsawon sandar wajen inci 43, kanta bai kai rabin na direba ba, fuskarta kuma digiri 15 kacal ta kwanta baya. Shi ya sa za ka ga mutum ya daɗe yana wasa amma har yanzu gabansa na faɗuwa in zai zaro ta. To wanda ya dace da wud da hannunsa ya saba da ita, har yana tashin ƙwallo ba fargaba, ya sami abin da ba a sayarwa a kanti. Ƙwararru sun san haka. Kusan duk shekara sai sun sauya direba, amma wud ɗinsu takan daɗe a jaka.

Dubi Henrik Stenson, ɗan ƙasar Suwidin. Tun 2011 ya riƙe wata wud ta kamfanin Callaway, samfurin Diablo Octane Tour, mai digiri 13. Kamfanin ya yi ta fito da sababbi shekara bayan shekara, kuma da ya so da kyauta za a kawo masa har gida, amma ya ƙi sakin tasa. Da wannan samfuri ya ci FedEx Cup a 2013. Da shi ya je filin Royal Troon na Sukotland a 2016, ya kara da Phil Mickelson a ranar ƙarshe ta gasar Open, ya gama zagayen da bugu 63, ya ɗaga kofi da jimillar 264, wato bugu 20 ƙasa da ƙa'idar filin. A ramuka da dama direba yake bari a jaka ya buɗe da ita. Sai a 2019 ya sanar cewa ya ajiye wannan samfuri, bayan fuskar wadda yake riƙe da ita ta lotsa.

Za ka ce ai ga shi nan, ta lotsa. Haka ne, amma dubi hannun da ya lotsa ta. Ƙwararrun gasar PGA ta Amurka suna kaɗa direba da gudun da ya haura mil 110 a awa, kuma kusan kullum suna filin atisaye suna dukan ƙwallo ba iyaka. Matsakaicin mai wasa don sha'awa irinmu yana wajen mil 90 da 'yan kai, sau ɗaya ko biyu a mako yake fita, kuma a zagaye guda na ramuka 18 sau nawa ma zai zaro wud? Bai fi a ƙirga da yatsu ba. Dukan da Stenson yake yi wa sandarsa a wata ɗaya, kai sai ka yi shekaru ba ka yi wa taka ba. Kan irin sandarka da ƙarfen da ba ya tsatsa aka ƙera shi, ƙarfe kuwa ba ya tsufa don kawai ya zauna a jaka. Duka ne ke gajiyar da shi, in ya gaji kuma ba ya ɓoyewa, ko ya tsage ko ya lotsa.

Ga yadda za ka gane. Goge fuskar tas, ka ɗauko katinka na ATM, ka ɗora gefensa a gicciye a kanta, ka ɗaga wajen haske. Lafiyayyiyar fuska tana da ɗan tudu a tsakiya, don haka katin zai taɓa tsakiyar yana ɗan lilo, gefe da gefe su bar kafa. In ka ga katin ya zauna daram, ko haske na ratsawa ta ƙarƙashinsa a tsakiya, to fuskar ta faɗa ciki, aikinta ya ƙare. Sannan ka bi gefen fuskar da farce, inda ta haɗu da saman kai da ƙasansa, ko za ka ji tsaga siririya. Kunne ma yana taimakawa, don kan da ya tsage ƙararsa takan sauya, ta koma wata bushasshiya mara daɗi. In ba ka ga ko ɗaya cikin waɗannan ba, kan sandarka garau yake. Karcen da ke ƙasansa da ɗan fentin da ya ɓare a samansa ba sa rage ko yadi ɗaya. Ido kawai suke damu.

Sha'anin wannan sanda irin na fartanya ne: ruwan yakan kai jikoki, mariƙi ne ake ta sauyawa. Abin da ke tsufa da gaske a jikin wud shi ne robar mariƙi, kuma ita aka fi mantawa da ita. Duba wajen da babban yatsanka yake zama. In ka ga robar ta yi sulɓi tana ƙyalli, zanen jikinta ya shafe, ka danna da farce ka ji ta ƙandare, to ta mutu. Gumi da ƙurar hunturu da zafin rana ne ke yi mata haka, kuma a ƙasarmu da wuri suke gama da ita. Illar ba a ganinta kai tsaye. Hannu ne zai ji santsi, sai ya ƙara matsewa ba da saninka ba. In hannu ya matse sai damtse ya sandare, kafaɗa ta ƙi juyawa yadda ya kamata, kan sanda ya zo ya sari ƙwallo a ka, ta tafi tana gungurawa a ƙasa. Kai kuma ka juyo ka ce wa kadinka, mai ɗaukar maka jaka, sanda ta tsufa. Masu yin robar suna cewa a sauya ta duk shekara, ko bayan zagaye 40 ko makamancin haka. Na san su ma kasuwarsu suke nema, amma a wannan ba su yi ƙari ba. Kuɗinta a can inda ake yin ta wajen dala 10 ne, sabuwar wud kuwa ta manyan kamfanoni dala 300 ce ko fiye, kafin a zo ga kuɗin kawowa da canjin naira.

Kafin ma ka sauya, gwada wanke ta. Ruwan ɗumi, ɗan sabulu, tsohon burushin haƙori, ka cuɗa ta sosai, ka ɗauraye, ka goge da tawul, ka jingine ta a inuwa ta sha iska. Sau da yawa sai ka ji danƙonta ya dawo. In kuwa sauyawar ta zama dole, kai wa wanda ya iya aikin. Da wuƙa mai ƙugiya ake tsaga tsohuwar robar, don reza tana iya zarcewa ta yanki ƙotar, kuma ƙotar girafait in ta sami yanka ba ta warkewa. Ka kuma gaya masa ya duba kaurin hannunka, ana iya ƙara tef a ƙarƙashi in robar ta yi maka siriri.

Ita kanta ƙotar ba ta tsatsa, ba ta kuma yin laushi don shekaru kamar yadda wasu ke faɗa. Maƙiyinta gugar bakin jaka ne. Duba ɗan sama da kai, inda take gogar jaka in kadi yana tafiya da ita a kafaɗa. In fenti ne kawai ya koɗe, ba komai. In kuwa ka shafa ka ji kwarmi, ko ka ga zare-zare sun bayyana, nan za ta karye wata rana, kuma a tsakiyar bugu takan yi hakan. Rigar kai mai dogon wuya tana hana wannan. Akwai wani abu kuma da masu sayen gwanjo ba sa dubawa, harafin da ke jikin ƙotar: L, A, R, S ko X, daga mafi laushi zuwa mafi tauri. Sanduna da yawa da ke zuwa mana daga waje na ƙartin samari ne, S ko X. Mutumin da bugunsa yake a hankali in ya riƙi X, ƙwallo ba za ta tashi ba, dama za ta yi ta karkata, ko da jiya aka fito da sandar daga masana'anta. Yawancinmu R ce daidai da mu, mu da muka manyanta ma A.

Sai gam ɗin da ya haɗa kai da ƙota. Riƙe kan da hannu ɗaya, mariƙin da ɗayan, ka kawo kusa da kunne ka murɗa a hankali. In ka ji ƙas-ƙas, gam ya saki. Kada ka ƙara bugu da ita sai an cire an sake mannawa, don kan da ya kwance yakan fice ya nufi inda ya ga dama, ga kadi a tsaye, ga abokan wasa. Aikin ba shi da tsada. Ɗan baƙin zoben nan da ke wuyan sandar in ya ɗan zame sama shi kaɗai, kwalliya ce ta motsa, a mayar da shi a ɗiga masa gam. Haka in ka girgiza ka ji wani abu na kaɗawa cikin kan, galibi ɗan guntun busasshen gam ne, ban haushi kawai yake yi. Babban mai kashe gam da roba shi ne but ɗin mota. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato zafi yana haura digiri 40 a inuwa, balle cikin but ɗin da aka rufe a rana. Wanda ke barin jakarsa a nan daga Asabar zuwa Asabar, shi yake tsofar da sandunansa da hannunsa. Shigar da ita ɗaki.

Saura maganar zamani ya bar ta a baya. A nan akwai ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Da can da itace ake sassaƙa kan waɗannan sanduna, na wata bishiyar Amurka da ake kira fasimon, wadda 'yar'uwar kanyarmu ce, dangi ɗaya suke. Itacen yakan sha ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsage, kuma in ba ka sami tsakiyarsa daidai ba, ka yi asarar bugun. A 1979 wani mutum mai suna Gary Adams ya kafa TaylorMade a jihar Ilinoi ya fara sayar da kan ƙarfe. A 1991 Callaway ya fito da Big Bertha mai ƙaton kai. A tsakiyar shekarun 1990 kuma Barney Adams na Tekzas ya kawo Tight Lies, wud mai gajeriyar fuska da faɗin ƙasa, wadda ta sauƙaƙa wa talakan ɗan wasa ɗaukar ƙwallo daga wuri mara ciyawa. Waɗannan su ne manyan tsalle. Wanda ya bar itace ya koma ƙarfe a wancan lokaci ya ga bambanci da idonsa. Daga nan masu dokar wasan suka taka burki: hukumar USGA ta Amurka ta sa iyaka ga yadda fuskar sanda za ta riƙa tunkuɗa ƙwallo tun 1998, R&A ta Sent Andurus ta biyo baya. Direba ce ta fara cin karo da wannan iyaka. Wud ta ɗan sami sauran fili, har a 2012 TaylorMade ya fito da RocketBallz mai tsaga a ƙarƙashi bayan fuska, tallarta tana cewa ƙarin yadi 17 ga masu ƙarfin bugu. Sauran kamfanoni suka bi sahu, kowa da irin dabararsa.

Ga ra'ayina, kuma ra'ayi ne na wanda ya daɗe yana kallo. In sandarka daga wajen 2012 zuwa yau take, tsakaninta da ta bana 'yan yadi ne in ka sami tsakiyar fuska, kuma duk yadda bugun mutum ya ragu da gudu, haka ribar take ƙanƙancewa. Inda sabuwa ta fi shi ne yafiya. An rage nauyin saman kai, wasu da kabon ake yi, an tura nauyin ƙasa, fuska ta ƙara siranta, don haka in ka sami ƙwallo da ƙasan fuskar, wanda shi ne kuskuren da muka fi yi, ba ta rasa nisa kamar da. Wasu kuma suna da kusa a wuya da za ka kwance ka ƙara ko ka rage kwanciyar fuskar. Wannan amfani ne na gaske, ban raina shi ba. Sai dai fuskar da ta fi siranta ba ita ta fi juriya ba, kuma kusar da ake juyawa, goma cikin masu ita da wuya ka ga biyu sun taɓa juya ta bayan makon farko.

Abin da nake zargi ma, ɗana, ba shekarun sandarka ne matsalar ba, lambarta ce. Digiri 15 daga ƙasa yana son gudu kafin ƙwallo ta hau sama ta zauna a iska. Wanda gudunsa bai kai ba, ƙwallonsa takan fita ƙasa-ƙasa ta faɗi da wuri. Irin wannan mutum in ka ba shi lamba 5, mai digiri 18 ko 19 da ƙota mafi gajarta, sai ka ga ta fi masa nisa a iska, ta kuma fi miƙewa. Girman kai ne kawai ke hana mu yarda. Dustin Johnson, da duk ƙarfinsa, da lamba 7 a jakarsa ya ci Masters a Nuwamban 2020. Bugun da aka fi tunawa da shi a tarihin wannan gasa ma da lamba 4 aka yi shi, kan itace: Gene Sarazen a 1935, a rami na 15, daga yadi 235 ƙwallo ta faɗa rami, ya kamo Craig Wood, washegari ya doke shi. Saboda haka in har kuɗi na cin aljihunka, ƙila tsohuwar lamba 5 ta gwanjo ta fi maka sabuwar lamba 3 amfani.

Ka kuma tuna irin ƙasar da muke wasa a kai. Waɗannan sanduna a kan ciyawa mai laushi wadda ke shan ruwa kullum ake gwada su. Mu kuwa daga Disamba zuwa faɗuwar damina, filayenmu da yawa a Kano da Zariya da Kaduna ƙasa ce ƙeƙasasshiya, ciyawar ta bushe ta kwanta, wani wurin ma tsakuwa ce. A irin wannan wuri kai mai gajeriyar fuska, irin na tsofaffin samfura da dama, ya fi shiga ƙarƙashin ƙwallo, kuma ƙasar tana ba ka gungurawar da ke cike gurbin 'yan yadin da ake ta magana a kai. Ga wani abu kuma da ba a faɗa: mai sabuwar sanda mai tsada yana tsoron karce ta, sai ya riƙa ɗaga kafaɗa yana gudun ƙasa, wud kuwa tana son a share ƙasa da ita. Taka ta riga ta sha karce, ba abin da za ka ji tsoro.

Duk da haka kada ka tsaya a maganata, gani ya kori ji. Bayan ka sa sabuwar roba, ari sabuwar sandar abokinka, ku je filin atisaye. A kan ƙasa za ka gwada, ban da tabarmar roba, don tabarma tana rufa wa mummunan bugu asiri, kan sanda sai ya zame ya sami ƙwallo ko da ka fara dukan baya. Ƙwallo iri ɗaya, rana ɗaya, fili ɗaya. Kada ka gwada ɗaya a Rayfield ta Jos ka kwatanta da abin da ɗayar ta yi a Kano. Tsohon filin na Rayfield, da ke nan tun 1913 zamanin masu haƙar kuza, yana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, iskar can ba ta da kauri, ƙwallo ta fi tafiya. Shafa ɗan alli ko hoda a fuskar kowace sanda don ka ga inda ƙwallo ke taɓawa. Buga 10 da wannan, 10 da waccan, kana sauyawa bayan kowane biyu ko uku don kada gajiya ta faɗa kan ɗaya. Sannan, kuma nan ne mutane ke ruɗin kansu, ka manta da bugun da ya fi kowanne nisa. Dubi inda yawancin suka taru, ka dubi guda uku mafi muni. In munanan sabuwar sun fi na taka kusa da hanya sosai, kuma sun fi nisa da abin da ido zai gani ba sai an auna ba, to sayenta yana da hujja. In kuwa alamar allin ta watsu ko'ina a fuskar, yau a dunduniyar kan gobe a yatsarsa, to ba sanda ce ke buƙatar gyara ba. Kai kuɗin wajen mai koyarwa na kulob ɗinku, ya tsaya a kanka 'yan makonni ya gyara maka tsayuwa da wurin ajiye ƙwallo.

In ka yanke shawarar saye, sabuwa ko ta hannu, kada ka yi cinikin biri a sama. Jabun sanduna sun yi yawa, an kwaikwayi fenti da tambari har sai ka rantse, amma ƙarfen da nauyin ba ɗaya ba ne, kuma su ne ke tsagewa da wuri. Sabuwa dal da aka ce maka rabin kuɗi, ka yi hattara da ita. Riƙe ta a hannu, ka kai wa wanda ya san kaya ya gani kafin ka biya. Tsohuwar kuma kada ka bayar da ita a ranar da sabuwa ta iso. Ajiye ta ko da wata uku ne, don farkon zuwan sabuwar sanda kowa gwani ne, sai ɗoki ya kwanta ake sanin ta zauna ko ba ta zauna ba. In kuma wata rana kan taka ya tsage, kada ka yar da ƙotar in dai lafiyarta ƙalau, ana iya cire ta a sa wa wani kan, don rabin sabon da hannunka ya yi da sandar a jikinta yake.

Duba harafin da ke jikin ƙotar ka aiko mini, tare da hoton fuskar da katin a kanta. Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara.